Yadda na samo wa Hilux ɗina aksil biyu masu tafiya ɗaya

Duk mai jigilar kaya tsakanin Sakkwato da ƙauyukan fadama ya san abin da hanya ke yi wa ƙasan mota. Da rani yashi ya riƙe ka, da damina laka ta karɓa, kuma kaya ba su raguwa don hanya ta ɓaci. Motata tsohuwar Hilux ce, samfurin LN106 mai injin dizal 3L, irin mai aksil ɗin gaba (ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu) miƙaƙƙe guda ɗaya. Da ita nake ɗauko albasa da shinkafa daga wajen Wurno da Goronyo, in koma da taki da injinan ban ruwa. Injin lafiyarsa lau. Aksil ɗin baya ne ya gaji: yau boris, gobe mai ya zubo cikin birki, daga ƙarshe bututun kansa ya ɗan lanƙwashe har taya ta riƙa cinyewa ta gefe guda. Tun da na sa mata ƙafafun Land Cruiser, wato aksil ɗinta na gaba da na baya, abokan sana'a ke tare ni da tambaya a tasha, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Na fara da bakanikena, wani dattijo da nake kira Baba, wanda ya daɗe yana aikin motocin daji. Niyyata in canza na baya kawai, tunda shi ke ciwo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Alhaji, in na baya kaɗai kaka so, to mu nemi irin nata mu mayar. Amma in babba kaka so, biyu za ka saye, kuma su zan 'yan gida ɗaya.” Dalilinsa shi ne agzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja mota. Irin waɗannan motoci, da zarar ka sa agzilari, farfelar gaba da ta baya, wato sandunan ƙarfen da ke kai juyin inji ga kowane aksil, suna juyawa ne da gudu ɗaya, babu abin da ke raba musu gardama a tsakani. To idan giyar da ke cikin tulun aksil ɗin gaba, wato kumburarren wurin nan da farfela ke shiga, ba lissafinta ɗaya da ta baya ba, tayoyin gaba za su nemi yin wata tafiya, na baya su nemi wata, kamar an haɗa raƙumi da jaki a garma ɗaya. A cikin yashi taya za ta riƙa zamewa tana rage faɗan, ba za ka gane da wuri ba. Ranar da ka hau ƙasa mai tauri da agzilari a ciki, ranar wani abu zai karye, ko shaf ko haƙoran giya ko akwatin agzilarin kansa. Ya ce mu nemi na Land Cruiser samfurin 60, wadda aka ƙera daga 1980 zuwa wajajen 1990, domin gaba da baya duk a kan sifirin mai ganye take tafiya kamar tawa, notin tayarta shida ne kamar nawa, sannan faifan giyarta inci 9.5 ne, na Hilux kuwa inci 8.

Kafin in taka ko'ina sai da ya sa aka ɗaga motar, ya shiga ƙasa da tef, ni ina riƙe da takarda. Mun auna faɗin aksil daga inda rim ke zama zuwa ɗaya gefen, mun auna tazarar da ke tsakanin mazaunan sifirin biyu, mun rubuta cewa tulun gaba yana gefen dama, na baya yana tsakiya, sitiyari yana hagu. Sai ya kwance tulun baya ya ce in ƙirga haƙora da kaina. Babban faifan da suke kira kiranwil yana da 41, ƙaramin da ke juya shi, finiyo, yana da 9. In ka raba 41 gida 9 za ka samu 4.56, ma'ana sai farfela ta juya sau huɗu da rabi da ɗan ɗoriya kafin taya ta yi zagaye ɗaya. Ya gargaɗe ni cewa samfurin 60 yawanci da 4.11 ko 3.70 take zuwa. Da 4.11 motar za ta rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin janta, abin da za a iya jurewa muddin ban ƙara girman taya ba. Da 3.70 kuwa, injin mai lita 2.8 ba zai tashi da buhunan albasa daga cikin yashi ba sai ya ƙone kuloci. Wannan takarda ita na riƙa yawo da ita a aljihu har ta yi baƙi.

Neman farko a nan cikin gari na yi shi, shago-shago wurin masu kayan Baljiyam da masu yanka tsofaffin motoci. Aksil akwai shi, amma ɗaiɗai. An nuna mini na baya na Land Cruiser 79 mai kyau ƙwarai, har raina ya biya, sai na ƙirga notinsa biyar. Daga 1999 aka mayar da wannan samfuri noti biyar, don haka da na ɗauka da sai in riƙa yawo da safaya iri biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Wani kuma ya ja ni bayan shago ya yaye buhu daga kan wasu ƙartin aksil na motar Amurka, na Ford, mai noti takwas, na gaban irin wanda ake kira Dana 60. Ƙarfe iya ƙarfe, babu ƙarya. Amma tulun gabansa a hagu yake, farfelata kuwa ta dama take fitowa, ga faɗi ya wuce jikin motar nesa. Ko a cikin masu noti takwas ɗin ma ba a gama ba, domin na Ford daga 1999 da'irar notinsu milimita 170 ce, na tsofaffin Chevrolet kuwa 165.1, ido ba ya rabewa amma rim ɗin wannan ba ya shiga wancan. Abin da ya fi hana ni ma ba wannan ba ne. Na tambayi kaina, in boris ɗinsa ya mutu ina bayan Goronyo da magariba, wa zai ba ni? Kayan Toyota ko a kasuwar ƙauye ana dacewa. Ƙarfin da ba ka da kayan gyaransa a kusa, ni a wurina ba ƙarfi ba ne.

Ana cikin haka wani yaro ya kira ni ya ce an samu biyu, gaba da baya, duka na samfurin 60. Na ɗauki Baba muka tafi. Ga su nan jingine da bango, an wanke su da fetur suna ƙyalli, noti shida-shida, faɗinsu ya yi daidai da juna. Mai shagon ya rantse daga mota ɗaya suka fito, har ya sa yaransa suka buɗe tulunan don mu gani. Na duƙa na sa alli a haƙori ɗaya na kiranwil ɗin baya, na bi su da yatsa har na dawo kan allin: 37. Na koma na gaba: 37. Na miƙe ina kaɗe gwiwa, zuciyata ta riga ta fara lissafin kuɗi. Baba bai ce komai ba, sai ya karɓi allin, ya haska fitilar wayarsa can ciki inda finiyo yake, ya sa ɗigo a haƙori ɗaya, ya riƙa juya bakin farfela a hankali da hannun hagu yana motsa leɓe. Na baya 9. Ya matsa ga na gaba, ya juya, ya sake juyawa don ya tabbatar, sannan ya ɗago ya ce, “Wanga goma na. Alhaji, wanga ba ɗan'uwan wancan na ba.” Wato na baya 37 a kan 9, 4.11 ke nan, na gaba 37 a kan 10, 3.70. Haƙori guda ɗaya tak a ƙaramar giya, amma bambancin tafiyarsu ya kai kashi 11 cikin 100. Ban ce mai shagon ya sani ba, wataƙila shi ma haka aka haɗo masa. Ya ce zai rage kuɗi, mu canza tulu ɗaya daga baya. Hakan na yiwuwa, amma sai an sake fita neman tulun, kuma ban ga dalilin biyan kuɗin biyu a kan abu ɗaya da rabi ba. Muka yi masa godiya muka fito.

Daga nan aka ba ni shawarar Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Na yi sammako na bi ta Gusau da Funtua, don hanyar nan ba ta tafiyar dare ba ce a wannan zamani. A can ba ka shiga kai kaɗai kana tambaya, sai ka gaji ba ka ga komai ba. Wani abokin kasuwancina ya haɗa ni da dillali, muka yi magana tun farko kan la'adarsa, na karanta masa takardata, na ƙara da sharaɗi ɗaya: ba na son aksil da aka riga aka sauke, ina son in ga motar da za a ciro su a jikinta. Ya yi dariya ya ce, “Maigida, wannan sai haƙuri.” Haƙurin kuwa na yi, don sai da na koma gida hannu rabbana na ci gaba da harkokina, ina jiran waya. Jiran ya yi tsawo har na fara tunanin mayar da ƙaramin aksil in huta, ga lokacin kwasar albasa yana matsowa, ina biyan hayar motar wasu. Ya turo mini hotuna ta WhatsApp na wasu da aka samu, na ƙi, saboda cinikin biri a sama ne. Ɗaya ma a hoton na lura hannun sitiyarinsa a dama yake, alamar daga ƙasar da ake tuƙi a hannun hagu aka kawo motar, irin Japan ko Ingila. Mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu a hagu. Ana iya juya shi, amma ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi.

Da kiran gaske ya zo, na tarar da motar a tsaye kan duwatsu, jikinta ya ruɓe, an riga an sayar da injin, amma ƙafafunta na nan. Amfanin ganin mota ɗungurungum shi ne farantin da Toyota ke mannawa a jiki, mai ɗauke da lambar giya da ta aksil. A nan an rubuta K082. Harafin K na nufin faifai mai inci 9.5, 08 kuma 4.11 ke nan. Da 05 na gani da na san 3.70 ce. Amma mota mai shekara sama da talatin ta ratsa hannaye da yawa, faranti ba ya faɗin abin da wani bakanike ya canza a hanya, don haka ban tsaya nan ba. Tun kafin a kwance komai na sa aka riƙe taya ɗaya, aka yi wa ɗayar alama da alli, aka juya ta sau 20 ina ƙirga juyin bakin farfela. Ya ba ni 41 da ɗan kai, gaba da baya. Wannan dabara tana aiki ne in tulun ba mai kulle ba ne, kuma sau 20 ɗin ya fi sau 2 da wasu ke yi, don a juyi biyu ba ka iya rabe 4.11 da 4.30 da ido. Bayan an sauke su aka buɗe, na ƙirga 37 da 9 a kowanne. Na duba man da ya fito ko akwai garin ƙarfe, na ja zare daga wannan baki zuwa wancan don ganin ko bututun ya lanƙwashe, na shafa ƙwallayen ƙarfen da ke ƙarshen aksil ɗin gaba inda taya ke karyawa, don in tsatsa ta ci su ba sil ɗin da zai riƙe giris. Abin da ya fi faranta mini rai, na bayan irin wanda cibiyarsa ke turowa waje ta tsakiyar rim ne, da ƙananan notuna kewaye. A irin wannan, nauyin kaya a kan bututu da boris biyu yake zama, shaf ɗin juyawa kawai yake yi, ko ya karye taya ba za ta fice ba. Na Hilux kuwa shaf ɗin ne ke juyawa kuma shi ke ɗaukar nauyi. Ga mai ɗaukar kaya wannan bambanci ya fi girman faifan ma muhimmanci.

Ciniki ya faɗa a naira miliyan 1 da dubu 350 duka biyun, da birkinsu da sandunan sitiyari. Na roƙi a bar mini bakunan farfelar motar su ma, aka ƙara mini su a kan kuɗi kaɗan, kuma sun yi rana daga baya. Dillali ya karɓi dubu 20. Na nace a rubuta mini rasit mai sunan shago, da bayanin kayan, da lambar shasin motar da aka ciro su, na kuma ɗauki hoton farantin. Mai shagon ya ga kamar na cika fi'ili, amma ƙarfe irin wannan in aka tare shi a shingen hanya tambayar farko ita ce ina ka samo, kuma kayan sata na yawo. Na yi wa kowane aksil alama da fenti kafin in bar wurin, na kai su tashar manyan motoci aka yi webil zuwa Sakkwato a kan dubu 45, ban da na masu ɗora kaya.

Ɗaurawar ta fi sayen cin rai. A Land Cruiser 60 sifirin a ƙarƙashin aksil yake, a Hilux kuwa a samansa, don haka sai da mai walda ya yanke mazaunan sifirin duka, ya ƙera sababbi a sama bisa tazarar da muka auna tun farko. A nan Baba ya hana gaggawa. Ya ce a ɗiga walda kaɗan kawai, a sauke motar a kan tayoyinta, a loda mata buhunan yashi, sannan a duba yadda bakin tulu ke kallon farfela. Na gaba ya fi wuya, don in ka murɗa shi sama da yawa domin farfela ta miƙe, sitiyari zai daina komowa da kansa bayan kwana, mota ta riƙa yawo a titi. Sai da suka gwada suka sake, suka gamsu, sannan aka yi waldar gaske, ita ma kaɗan-kaɗan ana barin ƙarfen ya huce don kada zafi ya lanƙwasa bututun. Sai matsalar da na sani tun a takarda amma ban san girmanta ba: tulun baya na Land Cruiser ba a tsakiya yake ba, ya karkata dama, ga shi tankin man motata a wannan gefen yake. Farfela ta zo tana neman gogar tanki in sifirin ya nutse. Dole aka ɗan ɗaga tankin aka matsar da shi. Farfelolin biyu an kai su wurin mai injin gyaran ƙarfe, aka daidaita tsawonsu, aka sa musu bakunan nan da na taho da su daga Kano, tunda ramukan notin Hilux ba su hau na Land Cruiser ba. Boris da sil da takalman birki duk sababbi na sa tun aksil ɗin na ƙasa, don kwance su daga baya aiki biyu ne. Birki ya zo da laushi a gwajin farko, sai da aka canza masta, wato famfon man birki, zuwa babba, aka kuma ƙera wa wayar birkin hannu mariƙi.

Kayan gyaran nan sun ci kusan dubu 200, walda da farfela da tanki dubu 130, Baba da yaransa dubu 100. In ka haɗa da kuɗin mota zuwa Kano da masauki, abin ya doshi miliyan 2, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba a kan aksil ɗin ya tafi ba. Wanda ya tanadi kuɗin saye kawai zai bar motarsa a kan jak. Gwaji mun fara shi a kwalta ba tare da agzilari ba, muna sauraren kuka ko rawa, muna tsayawa muna taɓa cibiyoyin taya ko sun yi zafi. Daga nan muka gangara yashi a hanyar Kware, aka kulle tayoyin gaba, aka sa agzilari, muka yi gaba muka yi baya. Da muka fito lebar agzilarin ta fita salin-alin ba tare da an yi kokawa da ita ba, alamar gaba da baya ba su ja-in-ja. Da lokacin sabunta takardu ya yi na kai ta wurin jami'an VIO masu duba lafiyar motoci, na gaya musu abin da aka canza, na nuna rasit. Lambar shasi da ta inji ba su canza ba, suka duba birki da fitilu da tayoyi, na wuce.

Masu tambayata na kan ce musu tsarin tambayoyin ya fi yawansu amfani. Gefen da tulun gaba yake shi ne na farko, don shi ba ya gyaruwa da araha. Sai faɗi da yawan noti, sai gefen sitiyari, sannan lissafin giya, kuma a ƙirga ƙarama da babba duka, a gaban mai kaya, kafin a ba da ko kafin alƙalami. Bambancin 4.10 da 4.11 ba komai ba ne, ana haɗa su, amma daga nan zuwa 4.30 kada a yarda. Tayoyi huɗun ma su zama girma ɗaya, don taya babba a baya da ƙarama a gaba ɓarnarsu ɗaya da giyar da ba ta dace ba. Ni na tsaya a kan 7.50R16 ɗina. Motar ta ƙara nauyi, tana shan mai fiye da da, kuma a hawa da kaya ina komawa giya ta ƙasa da wuri. In na samu sarari zan nemi giya 4.56 ta wannan babban tulu in sa gaba da baya, ƙarfin janta ya dawo yadda yake. Shasin kuwa har yanzu na Hilux ne, don haka ban ƙara ko buhu ɗaya a kan lodin da nake yi ba, duk da yaran mota na ta zuga ni. Bayan makonnin farko Baba ya sake ɗaure notunan da ke riƙe sifirin da aksil, ya samu biyu sun saki, ya zubar da man tulunan ya zuba sabo mai lamba 90. Tsofaffin aksil ɗin kuma na sayar da su tare, gaba da baya, ga wani mai irin motata a Illela, na rubuta masa 41 da 9 da fenti a jikin kowanne.